Rijiya ta Biyu a Gidanmu

Delu dillaliya ce ta shigo mana da maganar, tare da ƙunshin atamfofinta, wata Laraba cikin daminar 1956. Ta durƙusa bakin labule ta yi wa Iya ya ƙarin haƙuri, sannan ta dawo gindin turmi inda nake tsince shinkafa, ta shiga kwance ƙulli kamar babu komai a bakinta.

"Rahmatu, mai ganyen nan da ke ta dace. Amma in kin saya kar ki yi gaggawar ɗinkawa."

"Don me, Gwaggo Delu?"

"Babu komai, 'yar nan. Gidan suna na je a Tukur-Tukur, na ji mata suna cewa yaron nan na Malam Bahago ba ke yake zuwa gani ba. Wai azarar gidanku yake ƙirgawa. Na ce musu ni dai atamfa nake sayarwa."

Na ce ta naɗe kayanta. Ta naɗe kuwa, a tsanake, don ta riga ta sauke abin da ta kawo.

Ku masu karatu da kuke rubuto mini cewa mazan da sun fi na yanzu gaskiya, ku gyara zama. Ni na zauna da mazan da. Amma sai na fara gaya muku yadda gidanmu yake a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa maganar dillaliya ta hana ni cin tuwo ba.

Baba ya rasu ranar Juma'a, biyu ga watan Maris, bayan ya yi wata huɗu a kwance. Ya bar Iya, da ni, da ƙanwata Jamilatu. Babu ɗa namiji. Saboda haka ƙaninsa, Baffa Adamu, yana da rabo a gidanmu na Ƙofar Gayan. Iya ta ce ba za a ja katanga a tsakar gidanta ba, ba kuma za a sayar ba. Za ta biya Baffa rabonsa da ribar man gyaɗarta, in bai isa ba ta kwashe kwallayen jerenta ta kai kasuwa. Kafin haka kuwa sai an sa wa gidan kuɗi. A zamanin ba a sa wa ƙasa kuɗi a cikin ganuwa, gini ake dubawa: azara nawa, ƙyaure nawa, wane ɗaki ne mai rufin ɗaurin guga, itace nawa mai 'ya'ya, akwai rijiya ko babu. Duk abin da aka ƙara a takarda, daga ɗakin Iya zai fita.

Mai wannan aikin a unguwanninmu shi ne Malam Bahago. Tun ina ƙarama nake jin cewa ya san kowane gida a birni kamar yunwar cikinsa. Wai ba ya bukatar shiga. Ya tsaya a lungu, ya dubi kaurin katanga, ya ƙirga indararo, ya lumshe ido, sai ya faɗi azarar da ke cikin kowane ɗaki. Ban taɓa jin wanda ya hau sama ya ƙirga don ya gwada shi ba. Na taɓa tambayar Baba haka, ya ce in rufe masa baki, bokon nan zai lalata ni.

Mika'ilu almajirinsa ne a sana'ar. Ya gama makarantar Midil, ya yi shekara uku yana riƙe wa Malam tef ɗin awo. A shekarar ne aka fito da tsarin cewa ba wanda zai ƙara sa wa gidan gado kuɗi sai mai lasin. Yadda ake samun lasin ɗin kuwa, a ba mai nema gida ɗaya, ya rubuta ƙiyasinsa, Malam ya rubuta nasa daban ba tare da sun haɗa baki ba, a karanta duka biyun gaban muhutin alƙali da magada. In sun dace, ya ci. Bayan sadakar arba'in Mika'ilu ya gaya mini, yana sunkuyar da kai, cewa gidanmu aka ba shi. Ya ce ya so ya ƙi. Na ce kar ya ƙi, gara shi da baƙo. Baffa Adamu kuma ya riga ya faɗa wa iyayen Mika'ilu: ranar da ya kawo lasin, ranar za a sa mana ranar aure.

Ina son sa. Ba zan ɓoye muku ba don na tsufa. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kullum cikin farin kaftani da jar dara, ƙafar wandonsa ɗaya a ɗaure da roba saboda sarƙar keke. Ba ya zuwa hannu biyu: ko goro fari a ganye, ko alewa, kuma a ƙarƙashin ganyen akwai wasiƙa a ninke. Yana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya. Ba ya rubuta ko kalma ɗaya sai ya sa kwanan wata a sama, ya ja layi da rula. Wasiƙarsa ta farko tana cikin adakata, na haddace ta kamar karatun allo:

"7 ga Fabrairu, 1956. Zuwa ga Rahmatu. Jiya ina wucewa ta bayan gidanku na gan ki kin fito da tulu. Tun daga lokacin lissafi ya ƙi zama a kaina."

Shekarata goma sha takwas, na gama makarantar horon malamai mata, ina ganin babu namijin da zai yi mini wayo a Zariya. Layi uku suka kayar da ni.

Bayan Delu ta fita na ajiye faifan shinkafa na shiga tuno hirarrakinmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin Iya yana yoyo kuwa? Rufinsa shimfiɗa ce ko ɗaurin guga? Ke da kika iya lissafi, in kin kwanta kin dubi sama, azara nawa kike gani? Ƙyauren ɗakinku na katako ne ko na gwangwani? Ni kuwa, baki har kunne, ina ba da amsa don ya san ba jahila zai aura ba. Har na taɓa auna masa tsawon ɗakin Baba da gyalena, na ce gyale huɗu da kamu ɗaya, ya yi dariya ya ce in an yi aure ni zan riƙe masa tef.

Raina ya ɓaci, amma ban yarda ba tukuna. Mata a gidan suna sun sha kashe auren da bai yi musu komai ba. Kuma mutumin da aikinsa gini ne, in ya zo zance me zai tambaya, farashin daddawa? Na ce ba zan yanke masa hukunci da bakin Delu ba. Gwada shi zan yi.

Ya zo ranar Juma'a bayan la'asar. An yi ruwa da rana, lungu duk caɓi, ya jingine keke a bakin zaure yana karkaɗe ƙafa. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen agogo, na ɗaura ɗankwali na turo shi gaba, na zizara kwalli. In zan yi ƙarya, na ce, bari in yi ta da kyau.

"Ranki ya daɗe, Malama. Yau kuma wa za a kashe?"

"Wanda ya makara. Tun yaushe aka sauko daga masallaci?"

"Malam ne ya tsare ni. Saura kwana shida a karanta takardu, ko barci ba na yi. Ya jikin Iya?"

"Da sauƙi. Bayanta ne ke ciwo, jiya ta matsa sai ta ja ruwa da kanta a ƙaramar rijiya."

Hannunsa yana cikin aljihu zai fito da goro. Ya tsaya.

"Ƙaramar rijiya?"

"Ta bayan ɗakinta mana. Ban taɓa gaya maka ba? Kakanmu ya haƙa ta. Ba mu cika buɗe ta ba sai an yi baƙi, ruwanta ya fi na tsakar gida daɗi."

"Ikon Allah. Ginanniya ce?"

"Da marmara, tun daga ƙasa har baki."

"Zurfinta fa?"

"Gaba tara. Ko da bazara ba ta ƙafewa."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini goron, ya koma zancen wani ɗaki da ya gani a Tudun Wada wanda zai kama mana. Bai fito da fensir ba. Na ji sanyi a raina, har na fara jin kunyar kaina. Abin da ke bayan ɗakin Iya kuwa, akurkin kaji ne da tsohuwar randa fasasshiya.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a zaurenmu da hantsi. Muhuti ya zo da akwatin takardunsa. Malam Bahago ya zo cikin riga tsamiya da rawani, yana jan carbi, mutane suna tashi suna ba shi wuri. Baffa Adamu ya zauna kusa da shi. Ga liman, ga maƙwabta biyu shaidu. Mika'ilu yana can gefe a durƙushe, darar nan a gyare. Iya tana takaba, ba ta fita, kuma ba wanda ya shiga cikin gida ya duba komai, don an ce ba a shiga gidan mai takaba. Ni aka sa in kai ruwa da goro. Na kai, na koma bayan ƙyauren soro na biyu na tsaya inda nake jin komai.

Muhuti ya fara da takardar Mika'ilu. Zaure ɗaya, ɗaurin guga. Soro na biyu. Ɗakin marigayi, kamu kaza. Ɗakin uwargida, azara kaza. Duk lissafina ne, ina jin sa yana fitowa daga bakin wani kamar ana karanta mini wasiƙata a kasuwa. Na ce a raina, wannan ba komai, gaskiya ce, kuma wataƙila ya auna ta waje. Dabino ɗaya. Lemun tsami biyu. Rijiya ta tsakar gida.

"Rijiya ta biyu, bayan ɗakin uwargida, ginin marmara, gaba tara, ba ta ƙafewa."

Ban san na ciji gefen gyalena ba sai da na ji zare a haƙorina.

Na jira Baffa Adamu ya yi magana. A gidan nan aka haife shi. A bayan ɗakin nan aka yi masa kaciya, shi da kansa yake ba da labari. Ya ɓare goro ya jefa a baki.

Sai muhuti ya warware ta Malam Bahago, wadda aka rubuta da ajami aka naɗe aka ɗaure da zare. Ya bi ta layi layi. Zaure, soro, ɗakuna, azara, duk daidai da ta farko, mutane suna ta "Masha Allah". Ya zo ƙarshe.

"Rijiya biyu. Ta bayan ginin marmara ce, gaba tara."

Liman ya ce, "Allahu Akbar! Malam, har ta bayan ɗaki ka sani?"

Malam Bahago ya lumshe ido ya shafa gemu. "Ina yaro na sha ruwanta. Garɗi gare shi."

Rijiyar da na haƙa da bakina ranar Juma'a, kwana shida da suka wuce, ita ce dattijo mai furfura ya sha ruwanta yana yaro.

Ku duba inda na tsaya. In na yi shiru, takardu sun dace, Mika'ilu ya sami lasin, a sa mana rana kafin Babbar Salla, Iya kuma ta sayar da kwallayenta ta biya Baffa rabon rijiyar da babu ita. In na yi magana, na kunyata wanda zan aura gaban ubangidansa, na kuma nuna wa unguwa cewa ni ce mai ƙarya. Na tsaya har muhuti ya buɗe tawadar dangwale. Sannan na tura ƙyaure na shiga, na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, rijiya ɗaya ce a gidan nan."

Baffa ya zaro ido.

"Ke! Wa ya kira ki? Tashi ki ba mutane wuri, mara kunya."

"Baffa, kai ka fi ni sanin gidan. Akwai rijiya bayan ɗakin Iya?"

"Ni na daɗe da barin gidan. Wa ya sani ko Yaya ya haƙa bayan na tashi."

"Malam ya ce yana yaro ya sha ruwanta."

Wani daga cikin maƙwabta ya yi tari don ya danne dariya. Muhuti, wani siriri mai tabarau da ban taɓa sanin sunansa ba, ya dube ni ta saman gilashi.

"Yarinya, kin san nauyin abin da kike faɗa? Takarda biyu sun dace."

"A shiga a gani, ranka ya daɗe. Taku ashirin ne."

"Gidan takaba ne," in ji Malam Bahago, bai ko dube ni ba.

Sai muka ji muryar Iya daga can ciki. Ashe ta taso ta tsaya bayan katanga tun ɗazu.

"A shigo. Na saki labule. Takaba ni ke yin ta, ba bayan ɗakina ba."

Wata uku ana cewa ba a shiga, ba a shiga. Ashe ba wanda ya taɓa tambayarta.

Muhuti ya tattare riga ya shiga, shi da liman da Baffa. Ina gaba suna biye. Muka zaga bayan ɗaki. Kaza ta taso daga kan ƙwai tana kyarkyara, ta bi ta tsakanin ƙafafun liman. Muhuti ya dubi akurki, ya dubi fasasshiyar randa, har ya sa ƙafa ya ture ta ko akwai rami a ƙasa. Babu ko ramin ɓera.

Da muka dawo na zaci zaure zai kama da wuta. Ban san manya ba. Malam Bahago ya saurari bayani, ya gyaɗa kai kamar abin da yake jira ke nan.

"To, an cike ta ke nan. Da akwai. Allah ya ji ƙan mutanen da, su suka san rijiya."

"Amin," in ji liman. "Amin," in ji Baffa, da ƙarfi.

Muhuti ya ɗauki alƙalami ya soke rijiya a takardar farko, ya soke a ta biyu, ya rage kuɗinta a nan, ya rage a can. Ya ɗaga su ya duba.

"To, har yanzu dai sun dace."

Aka shafa fatiha. Aka yi wa Mika'ilu barka. Ba wanda ya tambayi yadda mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka ga rami ɗaya da babu shi, har suka auna zurfinsa.

Saura dangwalen magada. Muhuti ya ce a kai wa Iya takardar Mika'ilu ciki ta sa yatsa, kuma tun da ni na iya boko in karanta mata tukuna. Mika'ilu ya karɓa ya biyo ni soro na biyu, inda ba mai ganinmu. Gumi ya jiƙa wuyan kaftaninsa.

"Rahmatu, me na yi miki? Tarko kika ɗana mini?"

"Kai ka faɗa da ƙafarka. Har ka ja tsoho ka faɗa da shi."

"Ke kika gaya mini! In ban yarda da maganarki ba, da ta wa zan yarda?"

"Zance ka zo ko awo?"

"Ki saurare ni, don girman Allah." Ya rage murya. "Malam bai san cikin gidan kowa ba. Bai taɓa sani ba. Mu muke bi muna tambaya, wajen masu aiki, wajen dillalai, mu kawo masa, shi ya lumshe ido. Da na bar shi ya yi da ka, da abin da Baffanki ya raɗa masa zai rubuta, Iya ta sayar da har tabarmarta. Na ce gara in samo gaskiya daga bakinki in kare ku. Laifina ɗaya, ban gaya miki ba. Kunya na ji."

"Kunya."

"Wallahi kunya. Na san ki kafin a ba ni gidan nan, ke ma kin sani. Baba yana da rai na fara zuwa, shi ya yi mini izini daga kan gadonsa. Gida daga baya ya zo. Ki tuna mana."

Na tuna. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, maganarsa ta shige ni. Gaskiya ne Baba ya sa masa albarka, muryarsa tana rawa. Gaskiya ne ban da rijiyata duk abin da ya rubuta daidai ne, bai ƙara wa Iya ko azara ɗaya ba. Idonsa ya yi ja, wushiryar nan tana leƙowa, na ji fushin yana zubewa kamar ruwa a kwando, ina ƙoƙarin tare shi.

"Ba ni takardar," na ce. "Zan yi tunani."

"In zo gobe?"

"Na ce zan yi tunani."

Na shiga cikin gida. Iya tana ɗaki tana jirana, Jamilatu tana hura wuta. Na tsaya a bakin rijiyarmu, guda ɗayan da muke da ita, na buɗe takardar don in bi ta da idona kafin in karanta wa Iya. Rubutunsa ne mai kyau, kowane layi a kan rula. Muhuti daga jerin ɗakuna ya fara karatu, bai karanta kan takardar ba, don ba wanda ke karanta shi. Ni na karanta. Sunan mai gida. Unguwa. Sunan mai awo. A ƙarƙashi, an ja layi da rula:

"Ranar da aka fara awo ta bayan gida: 6 ga Fabrairu, 1956."

Wasiƙarsa ta farko, mai cewa jiya ya gan ni ta bayan gida, bakwai ga Fabrairu ce. Baba ya rasu biyu ga Maris.